Makokin Yamato: hawaye kaɗai sun isa tunawa?

Ranar 7 ga Afirilu 1945, jiragen saman Amurka fiye da 300 suka afka wa Yamato, katafaren jirgin ruwan yaƙin Japan mai tsawon mita 263. Cikin kamar sa'a biyu ya kife, ya fashe, ya nitse da mutum fiye da 3,000; waɗanda suka tsira ba su kai 300 ba. Bayan shekara sittin, a 2005, Junya Sato ya fito da fim ɗinsa *Otoko-tachi no Yamato* domin tunawa da su.

Labarin ya soma ne a tashar ruwan Makurazaki. Wata mata tana neman mai kai ta inda jirgin ya nitse, don ta zuba tokar gawar uban da ya raine ta, tsohon sojan Yamato. Wanda ya yarda ya kai ta wani dattijon masunci ne, Kamio, shi ma a jirgin ya yi ƙuruciyarsa. Daga tunaninsa muke komawa baya.

A nan gwanintar Sato take. Bai tsaya kan manyan hafsoshi ba, ya sauko wajen ƙananan yara ƴan shekara goma sha biyar zuwa sha bakwai: dukan da suke sha wurin horo, shinkafar da ake dunƙula musu, bankwana da uwaye. Kunyar da ke cin Kamio don ya rayu abokansa sun mutu, ita ce abu mafi gaskiya a fim ɗin.

Sai dai mai kallo zai tashi da tambayar da aka taɓo sama-sama aka wuce. An tura Yamato Okinawa ba tare da kariyar jiragen sama ba, kuma an san da wuya ya dawo. Shi kansa kwamandan rundunar, Seiichi Ito, da fari ya ƙi amincewa da shirin. Fim ɗin ya nuna haka a gurguje, sannan kiɗa mai taushi ya rufe maganar, har asarar ta zama kamar annoba ce ta faɗo daga sama, ba hukuncin wasu mutane ba. Farar hular Okinawa da mutanen Sin da Koriya da wannan yaƙi ya cinye kuwa, ba a ba su wurin zama a wannan makoki ba.

Gaskiya ne, ba a zaman makoki ake shari'a ba. Amma bayan shekara sittin an daɗe da tashi daga tabarmar gaisuwa. Yaran Yamato sun cancanci hawayen da Sato ya sa aka zubar musu. Sun kuma cancanci a tsaya a tambayi waɗanda suka aike su.