Jinjina ga Lauyoyin Ƙwadago

Ma'aikacin gwamnatin tarayya ba yaron gida ba ne da za a sallama don ran oga ya ɓaci. Ƙa'ida ta ce a ba shi takardar tuhuma, a saurari amsarsa, kafin a yanke masa hukunci. Sai dai doka ba ta tashi da ƙafarta, lauyoyin ƙwadago ne ke ɗauko ta. Allah Ya saka musu da alheri. Da irin wannan tsayuwa Kotun Ƙoli ta umarci a mayar da wani ma'aikacin gwamnati mai suna Shitta-Bey bakin aikinsa a 1981. Yau ma lauyoyin suna Kotun Ma'aikata, suna bin fayil shafi-shafi, wani lokacin saboda masinjan da aka tsayar wa albashi, wanda ko kuɗin mota ba shi da shi.