Dabarar Aku da Tambayar Auta: Sake Karanta Magana Jari Ce a Bakin Kanal

A farkon watan Nuwamba na 2024, muna zaune a ƙofar gida bayan sallar isha'i, a ƙauyenmu da ke tsakanin Kura da Bunkure, sai autanmu ya zo riƙe da wayar yayanmu. Bidiyon da yake kallo na yaran nan ne da aka gurfanar a Babbar Kotun Tarayya ta Abuja saboda zanga-zangar tsadar rayuwa ta watan Agusta, har waɗansunsu suka yanke jiki suka faɗi a cikin kotu. Shekarunsa goma sha ɗaya a lokacin. Ya ce, "Baba, waɗannan me suka yi?" Mahaifinmu ya karɓi wayar ya kife ta a kan tabarma, ya ce, "Wannan ba maganar yara ba ce." Daga nan ya shiga ba shi labarin wani kada da aka ce ya taɓa biyo ruwan kanal, har barci ya kwashe yaron.

A daren na gane dabarar, domin na taɓa rubuta jarrabawa a kanta. Dabarar aku ce a littafi na ɗaya na Magana Jari Ce, wanda Abubakar Imam ya rubuta a Zariya, aka fara buga shi a 1937 domin karatun 'yan makaranta. Manazarta sun daɗe suna yaba wa littafin ta fuskar salo da raha da yadda marubucin ya Hausantar da labaran waɗansu al'ummu. Ni abin da nake so in duba shi ne wata tambaya da littafin ya ɗauko tun daga tushensa: idan ƙasa ta rikice, manya suna cikin fargaba, me ake gaya wa yaro?

Mu tuna yadda aka gina labarin. Sarki Abdurrahman ya fita yaƙi, ya bar ɗansa Musa a gida. Waziri, wanda haihuwar Musa ta rushe masa burin gadon sarauta, yana ƙulla makirci. Musa kuwa zuciyarsa tana wajen Mahmudu da fagen fama, kullum dare sai ya yi shirin fita. Aku ba shi da ƙarfin tare ƙofa, sai ya tare ta da baki: ya ɗauko labari, ya ja shi har gari ya waye. Haka aka yi ta yi har sarki ya komo, asirin Waziri ya tonu. A nan labari ya zama dabaibayi. Aikinsa shi ne ya riƙe yaro wuri ɗaya har haɗari ya wuce.

Ba zan raina wannan dabara ba, domin ta ceci ran Musa, kuma tsoron da ya sa mahaifina ya kife waya tsoro ne mai dalili. Ya ga an sa dokar hana fita a Kano a watan Agustan nan, ya ji labarin iyayen da suka kwana suna neman 'ya'yansu. Sai dai dabarar aku tana tsaye ne a kan sharuɗɗa biyu. Na farko, haɗarin na ɗan lokaci ne, akwai sarki adali da zai dawo ya gyara komai. Na biyu, aku ne kaɗai ƙofar da labari ke shiga wa Musa. Duk biyun babu su a wajenmu. Tsadar da ta biyo bayan cire tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayu, 2023 ba ta da ranar komawa, kuma yaron da ke riƙe wa ubansa jarka a wajen injin ban ruwa ya san kuɗin lita kafin ya san jadawalin sau bakwai. An ce abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai hango ba. Yau yaro ba ya bukatar rimi, wayar yayansa ta ishe shi gani. Abin da ya rage wa babba shi ne fassara abin da aka gani, kuma idan ya yi shiru wani zai fassara.

Wani misali ya ƙara nuna mini haka. A 2019 aka ƙirƙiri sababbin masarautu a Jihar Kano, Kura da Bunkure suka koma ƙarƙashin Rano. A watan Mayu na 2024 majalisar dokoki ta soke dokar. Yaran firamare a yankinmu sun ga an sauya musu amsar tambaya ɗaya, wato sunan masarautarsu, ba tare da wani ya zauna ya bayyana musu yadda majalisa ke yin doka ta kuma warware ta ba. Abin da suka tsinta shi ne waƙoƙin zambo da habaicin 'yan jagaliya. Yaron da aka hana wa bayani ba a raba shi da siyasa ba, an dai bar masa mafi munin ɓangarenta.

Adalci ga Imam shi ne a ce shi kansa bai tsaya a littafi na ɗaya ba. A littafi na uku, aku ya zama waziri, yana horar da ɗansa Fasih. Bakin ɗaya ne, labaran ma irinsu ɗaya, amma aikinsu ya sauya. Yanzu ana ba da labari ne domin yaro ya fitar da darasi, ya san halin mutane, ya san yadda ake zama kusa da masu mulki. Wanda ya karanta littattafan uku a jere zai ga cewa aku ya yi wa ɗan sarki dabaibayi, amma ɗan cikinsa buɗe masa ido ya yi. Mu kuwa, iyaye da yayye da malamai, mun gaji dabarar farko mun yar da ta biyu. Ko a makaranta, abin da aka fi tambayarmu shi ne jigo da salo da karin magana, ba a cika tambayar dalilin da ya sa alƙalai da fadawa da attajirai suka cika labaran ba, ko abin da yaro zai fahimta game da iko idan ya gama karanta su.

Duk da haka, horon Fasih ma yana da iyaka, kuma a nan ne nake ganin dole mai karatu na yau ya wuce littafin. Siyasar Magana Jari Ce siyasar fada ce. Sarki shi ne madogarar adalci, ɓarna kuwa daga mugun bafade take fitowa, maganinta kuma shi ne bafade mai hikima. Talaka yakan tsira da wayo ko da sa'a ko da tausayin sarki, ba kasafai yake tsira don ya haɗa kai da 'yan'uwansa sun nemi haƙƙinsu ba. Wannan ba abin mamaki ba ne ga littafin da aka fara bugawa a zamanin En'e, ƙarƙashin kulawar Turawan mulkin mallaka, shekaru goma sha uku kafin a kafa NEPU a Kano a 1950. Amma yaron da zai yi zaɓe nan da shekara bakwai yana bukatar fiye da iya baki a gaban manya. Yana bukatar ya san cewa tambayar mai mulki ba rashin kunya ba ce, kuma akwai hanyar yin ta wadda ba jifa da ƙone-ƙone ba.

Ina za a samo labarin da zai koyar da haka? A ganina yana gudana a bayan gidanmu. Ruwan da ke shayar da shinkafa da tumatir da alkamar Kura da Bunkure da Kadawa daga madatsar Tiga yake tasowa, wadda aka gina a zamanin Gwamna Audu Baƙo a farkon shekarun 1970. Daga babban kanal yake rarrabuwa zuwa ƙanana, har ya isa fadama-fadama. Kowane yaro a nan ya san cewa mai gona a bakin ruwa yana sha kafin na ƙarshen layi, ya san idan wani ya datse da dare na ƙasa zai wayi gari da busasshiyar gona, ya san idan ba a fito gayyar yashe kanal ba ciyawa za ta toshe shi kowa ya yi asara. Ya kuma san akwai ƙungiyar masu amfani da ruwa, da shugabanni da ake zaɓa, da kuɗin da ake tarawa. Rabon arziki, wakilci, haraji, amana da cin amana, duk ga su nan a fili, da girman da idon yaro zai iya ɗauka. Marubutan littattafan yara a Hausa sun fi son daji da fada da birni. Har yanzu ina jiran littafin da jaruminsa zai zama ɗan manomin ƙarshen layi.

Kwana biyu bayan wancan dare, muna tafiya gona, Auta ya sake tambaya: "Yaya, kashe su za a yi?" Ashe labarin kada bai kawar da komai ba, tsoron ya kwana biyu yana cinsa shi kaɗai. Na gaya masa abin da na sani daidai da shekarunsa: mutane sun fita ne saboda abinci ya yi tsada, waɗansu sun yi ɓarna, an kama mutane da yawa har da yara, kuma jama'a da lauyoyi suna ta magana cewa bai dace a tsare yara haka ba. Da aka ba da umarnin sakinsu a cikin makon, shi ya rugo ya gaya mini. Ya ce, "Ashe maganar ta yi aiki."

Da rani ya kama, na roƙi mahaifinmu ya bar shi ya bi mu taron masu ruwa. Ya yi jim, sannan ya ce ya zauna a baya, kada ya sa baki. An yi awa biyu ana jayayya a kan ranakun buɗe ƙofar ruwa, aka tashi da jadawalin da bai gamsar da kowa gaba ɗaya ba. A hanyar komawa Auta ya tambayi Baba dalilin da ya sa na ƙarshen layi suke biyan kuɗi daidai da na bakin ruwa. Wannan karon Baba bai ɗauko labarin kada ba, ya rage tafiya ya fara yi masa bayani.