Kafin ki ɗaura gyale a ƙugu, ki tambayi Goggo

Ƙanwata ta dawo daga wani biki a Zariya da sabon buri. An yi daren Larabawa, ta ga ƙawayen amarya suna juya ƙugu, ta ce ita ma sai ta iya kafin nata bikin bayan kaka. Tun ranar, da an idar da sallar isha'i sai ta ja ƙofa, ta jingina waya a bakin gado, ta ɗaura gyale a ƙugu. Ba ita kaɗai ba ce. Daga Makarfi zuwa Ikara da Kudan, 'yan mata na ta koyon wannan rawa, kuma waya ce malamarsu.

Ban hana ta ba. Mace ta motsa jiki a ɗakinta, cikin 'yan'uwanta mata, ban ga aibinsa ba. Abin da ke damuna shi ne yadda muke ɗaukar rawar kamar baƙuwar da ba ta da dangi a nan.

Larabawa na kiranta raƙs sharƙi, wato rawar gabas. Turawa ne suka laƙaba mata rawar ciki, sunan ya bazu a Amurka bayan baje kolin Cikago na 1893. Tushenta rawar baladi ce, wadda matan Masar ke yi a gida ranar biki. Sai a shekarun 1920 Badi'a Masabni ta buɗe gidan wasa a Alƙahira, inda su Tahiya Kariyoka da Samiya Jamal suka yi suna, finafinai suka kai rawar ko'ina. Ashe tun asali rawar tsakar gida ce.

To mu fa? Wace ce ta tashi a ƙasar Zazzau ba ta ga an kifa ƙwarya ranar wuni ko suna ba? Marigayiya Barmani Choge ta Funtuwa, wadda ta rasu a 2013, da Uwaliya Mai Amada ta Kano, sun shekara da shekaru suna tayar da matan aure daga tabarma da kiɗan amada. Wannan rawar ma ƙugu ne jagoranta.

Wata rana Goggo ta leƙa ɗakin ƙanwata, ta tsaya tana kallo. Ta ce, "'Yar nan, gwiwarki a sandare, ta ina ƙugu zai motsa?" Ta gyara ɗaurin zaninta, ta ɗan rusuna, ta nuna mata. Abin da waya ta kasa koyarwa a wata guda, Goggo ta warware shi kafin tuwo ya huce, domin waya ba ta ganin kuskurenki.

Don haka ga shawarata ga mai farawa. Ki cire takalmi, ki dasa tafin ƙafa a ƙasa, ki sassauta gwiwa, ki miƙe baya. Ki bar ƙirji ya tsaya cik, ƙugu kaɗai ya tafi dama da hagu. Karkarwar nan da ke burge ki daga gwiwa take fitowa, kada ki nema ta da ƙarfi. Minti 15 a rana ya isa, sannu ba ta hana zuwa. Mai jego kuwa ta dakata har jiki ya koma daidai. Sannan ki nemi babbar mace ta zauna ta kalle ki.

Abu guda ne ba na sassauci a kansa: kada a ɗauki bidiyo. Bidiyo zarar bunu ne, in ya fita ɗaki ba ya komawa, kuma a gari irin namu kowa ya san 'yar gidan wane ce.

An ce in kiɗa ya canza, rawa ma sai ta canza. Na yarda. Ki koyi ta Alƙahira, Allah ya ba da sa'a. Amma ranar bikin ƙanwata za mu kifa ƙwarya a tsakar gida, mu rufe ƙofar zaure, kuma Goggo ce za ta fara shiga fili.