Igiya Biyu: Abin da Ya Sa Nake Ƙaunar Dangin Alkin

Tun ranar da na ga ruwan buromin ya rasa launinsa a gaban idona, ban ƙara yi wa ledar kasuwa kallon raini ba. Muna aji biyar na sakandare, malaminmu ya ɗaga 'yar kwalbar gwaji mai ɗauke da wani ruwa mai launin ruwan goro, ya ɗiga wani sinadari a ciki, ya girgiza sau uku. Launin nan ya ɓace ɓat, ruwa ya koma garau kamar na famfo. Ya sake gwadawa da wani sinadarin mai kama da na farko, launi ko gezau bai yi ba. Na farkon alkin ne, na biyun alken. Harafi ɗaya ya raba sunayensu, amma halinsu ya sha bamban, kamar na mai kyauta da marowaci.

Sirrin duk yana cikin ɗauri. Kowace ƙwayar kabon hannu huɗu gare ta. A cikin alken, irin gas ɗin da muke girki da shi, kowane hannu ya riƙe abinsa, babu wurin baƙo. A cikin alkin kuwa, akwai kabon biyu da suka ɗaure juna da igiya biyu. Igiyar farko ta ɗauru tamau. Ta biyun sako-sako take, tana kwance ta waje, da baƙo ya iso sai ta kwance ta tarbe shi. Buromin ya zo, ta karɓe shi, shi ya sa launinsa ya ɓace. Haidirojin ya zo tare da ƙarfen nikel, ta karɓa; ta haka ake daskarar da man tsirrai ya zama bota. Tururin ruwa ya zo tare da asid, ta karɓa, sinadari irin su etanol ya fito. Kuma karɓar ba da ka ake yin ta ba. Tun 1870 Vladimir Markovnikov na ƙasar Rasha ya lura cewa idan baƙon ya zo da haidirojin, to wurin kabon da ya riga ya fi yawan haidirojin yake zuwa. Mai shi ake ƙara wa, kuma ɗalibi yana iya faɗin abin da zai fito tun kafin ya taɓa kwalba. Kai, wannan tsari yana burge ni!

Ƙaramar cikin dangin, etilin, ita ce tauraruwata. Kabon biyu, haidirojin huɗu, shi ke nan jikinta. Amma duk mai sayar da ayaba yana aiki da ita ko bai san sunanta ba. Idan ya cusa nunanniyar ayaba cikin buhun ɗanyen mangwaro ya ɗaure, iskar etilin ce ayabar ke fitarwa, ita ke gaggauta nunar mangwaron. Ita ɗin ce dai masana'antu ke samarwa fiye da tan miliyan 150 a shekara, ta hanyar fasa sinadaran man fetur da gas a zafin da ya haura digiri 800.

Inda na fi so a labarin shi ne lokacin da babu baƙo sai 'yan gida. Kowace etilin ta kwance igiyarta ta biyu, ta kama maƙwabciyarta ta dama da ta hagu, kamar 'yan mata sun riƙe hannun juna a dandali, sai dai layin ya kai dubbai. Wannan layi shi ne polietilin. A watan Maris na 1933 aka yi kiciɓis da shi a kamfanin ICI da ke Ingila. Reginald Gibson da Eric Fawcett sun matse etilin a zafin digiri 170, da matsin da ya ninka na iskar da muke shaƙa fiye da sau 1,000. Da suka buɗe tukunyar ƙarfen, sai ga wani farin abu kamar kakin zuma ya lafe a bangonta. Daga baya aka gane cewa 'yar iskar oksijin da ta sulale ciki ce ta tayar da aikin. A 1939 aka fara sarrafa shi, kuma a yaƙin duniya na biyu shi aka naɗe wayoyin na'urar rada da shi.

Sai Karl Ziegler na Jamus ya zo a 1953 da haɗin sinadaran titaniyom da alminiyom, ya yi aikin ba tare da wancan matsi mai ban tsoro ba. Sarƙoƙin tsohuwar hanya rassa gare su ta ko'ina, kamar tarin ƙaya, ba sa kwanciya da juna, shi ya sa ledar ruwa ke da laushi. Na Ziegler miƙaƙƙu ne, suna kwanciya tsaf kamar damin kara, shi ya sa jarkar mai ke da tauri. Sinadari ɗaya, jeri daban, kaya daban. Wallahi duk lokacin da na riƙe leda a hannu ɗaya, jarka a ɗayan, sai tsigar jikina ta tashi.

Giulio Natta na birnin Milan ya ɗora daga nan. Ran 11 ga Maris na 1954 ya haɗa furofilin, 'yar'uwar etilin mai kabon uku, ta yadda 'yan rassanta duk suka fuskanci gefe guda kamar haƙoran matsefi. Wannan jeruwa ce ta ba polifurofilin ƙarfinsa da jure zafinsa. Shi da Ziegler suka raba kyautar Nobel ta 1963, kuma a ganina ba a taɓa ba da ita inda ta fi dacewa ba. Shiga kasuwar Dawanau ka ga buhunan masara da wake an jibge su har rufi: zaren da aka saƙa su da shi, aikin Natta ne. Haka tabarmar roba da ake shimfiɗa wa baƙi.

Na san za a ce, to ledar da ke toshe magudanai da damina fa, wadda awaki ke haɗiyewa har ta kashe su? Gaskiya ne, kuma abin yana ci mini rai. Dalilin ma a cikin kimiyyar yake: da zarar sarƙa ta haɗu, igiya ta biyu ta ƙare, babu sauran ƙofar da ƙwayoyin halitta za su shiga su ruɓar da ita. Amma wannan roba tana narkewa a sake zuba ta, shi ya sa 'yan jari-bola ke sayen fasasshen bokiti da tsohuwar jarka.

A Eleme ta jihar Ribas an daɗe ana yin polietilin da polifurofilin, matatar Dangote da ke Lekki ma ta fara fitar da polifurofilin a 2025. Ni kuwa har yau ban daina juya gindin robobi ina duba 'yar lambar da ke cikin alama mai kusurwa uku ba. Na ga 4, na tuna Gibson da Fawcett. Na ga 2, Ziegler ne. Jiya na juya robar da aka zubo mini alale a ciki, sai ga 5, na ce sannu da aiki, Natta.