Shaihu Umar: Karatun Yaro da Karatun Makiyayi

Yawancinmu da muka ba shekara hamsin baya mun fara karanta Shaihu Umar ne a sakandare, don jarrabawa. Abubakar Tafawa Ɓalewa ya rubuta shi yana matashin malamin makaranta, aka buga shi a 1934 tare da su Ruwan Bagaja da Ganɗoki. A lokacin abin da ya ja mu shi ne tafiyar: an sace yaro, ya ƙetare hamada, ya zama babban malami, ya dawo yana ba almajiransa labari a Rauta. Idonmu na kan Umar. Uwarsa kuwa, shafukanta muke wucewa da sauri.

Yau wanda yake kiwon ikilisiya a Anka ko Gummi ko Bukkuyum ba zai iya wuce ta ba. Matar da ta bar gida neman ɗanta, aka kama ta ita ma aka bautar, ta gan shi bayan shekaru, sa'an nan ta rasu, ai mun san ta. Tana zaune a bencin zumuntar mata, ta sayar da gona don kuɗin fansa. Tun kafin harin Janairun 2022 a ƙauyukan Anka da Bukkuyum, sace mutane ya daina zama tarihi a wurinmu. A nan marubucin ya cancanci yabo, domin bai yi wa baƙin cikinta ado ba, bai kuma saka mata da wata daula a ƙarshe ba.

Amma karatu na biyu yana tono abin da na fari ya binne. Makau, mijin uwar Umar, shi ne mutumin kirki na littafin, wanda fadawa suka yi wa ƙazafi har aka kore shi. To, ƙazafin a kan me? A kan cewa ya ɓoye wasu daga cikin bayin da ya kamo a hari. Muna yara mun ji haushin fadawan, ba mu taɓa tambaya ba: waɗanda aka kamo ɗin fa, ina iyayensu? Littafin bai ba su suna ba, bai ba su murya ba. Yanzu mu ne mutanen ƙauyen da ake kai wa hari, don haka shirun yana da nauyi a kunnenmu.

Muryar Shaihun kanta a natse take, komai ya faru ikon Allah ne. Natsuwar tana da kyau, kuma mu ma a mumbari muna yawan aron ta. Sai dai a gwada ta da labarin Yusufu. A Farawa 50:20 ya shaida cewa Allah ya juya abin zuwa alheri, amma a cikin magana guda ya kira nufin 'yan'uwansa mugunta. Bai bar ɗaya ya haɗiye ɗaya ba. Yakubu ma, a sura 37, ya ƙi ta'aziyya, Nassi bai tsauta masa ba.

Mai shirin zuwa gaisuwa gidan da aka ɗauke wa ɗa, ya sake karanta Shaihu Umar kafin ya ce “sai haƙuri”. Wannan karon ya bi sawun uwar, ya kuma ƙirga mutanen da littafin ya wuce bai ambaci sunansu ba.