Sarauniyar Lugu a Alƙalamin Abdoulaye Mamani: Abin da Littafin Ya Tono da Abin da Ya Rufe

Wannan takarda za ta duba ƙagaggen labarin nan mai suna Sarraounia, wanda Abdoulaye Mamani ya rubuta da Faransanci, kamfanin L'Harmattan ya buga shi a birnin Faris a shekara ta 1980. Ɗalibi zai iya tambaya: me ya kawo littafin Faransanci cikin darasin Hausa? Dalilin shi ne labarin na ƙasar Hausa ne, mutanen da abin ya faru a kansu Hausa suke ji, kuma muhimman kalmomin da littafin ya ginu a kansu an ɗauko su ne daga Hausa aka sa musu rigar wani harshe. Ra'ayin da za a kare a nan shi ne, Mamani ya ceto wani yanki na tarihi daga mantuwa, amma hanyar da ya bi wajen ceton ta jefa wani yanki mafi girma cikin inuwa.

Tarihin da labarin ya dogara a kai

A ƙarshen shekara ta 1898 gwamnatin Faransa ta tura wata runduna ƙarƙashin kyaftin Paul Voulet da mataimakinsa Julien Chanoine, da umurnin su ratsa daga kogin Kwara zuwa tafkin Cadi. Mutanen biyu ba baƙin yaƙi ba ne, su ne suka kama Wagadugu a 1896. Turawan da ke cikin tafiyar ba su kai goma ba. Sauran duk ƴan Afirka ne: sojoji, mahaya, tafintoci, da ɗaruruwan ƴan dako da aka kamo da ƙarfi. Guzurin da aka ba su bai isa komai ba, don haka tun daga farko an san cewa garuruwan kan hanya ne za su ciyar da wannan taro, ko suna so ko ba sa so. A riƙe wannan batu da kyau, domin za mu komo kansa.

A watan Janairu na 1899 suka karkashe mutane sama da ɗari a Sansane Hausa, bakin kogi. Ranar 16 ga Afrilu suka auka wa Lugu, a ƙasar Arewa, kusa da Dogon Dutsi, inda Sarauniya Mangu da mutanenta suka tare su da kwari da baka. An kashe sojojin rundunar huɗu, an raunata shida, sannan mutanen Lugu suka janye cikin kurmi, aka ƙone garin. A farkon watan Mayu aka kai Birnin Ƙonni, aka yi kisan da ya fi kowane muni a tafiyar. Ƙiyasin masana tarihi ya bambanta, amma ana maganar dubban rayuka. Labarin ta'asar ya isa Faransa ta hanyar wasiƙar wani hafsa mai suna Peteau da aka kora daga rundunar. Aka turo kanar Klobb ya bi sawunsu, ya yi ta tarar da ƙauyuka ƙonannu da gawawwaki. Ranar 14 ga Yuli, a Dankori kusa da Tasawa, Voulet ya sa aka harbe shi. Kwana biyu bayan haka sojojin suka yi tawaye suka kashe Chanoine, washegari suka kashe Voulet. Kaburburansu suna Mai Jirgi.

Marubucin da dalilinsa

An haifi Mamani a 1932. Ɗan jam'iyyar Sawaba ne ta Jibo Bakari, wadda ta nemi a ce a'a a ƙuri'ar raba-gardama ta 1958, aka haramta ta a 1959. Ya yi shekaru yana gudun hijira, har da zama a Aljeriya, kuma bayan ya komo gida an tsare shi a zamanin Seyni Kunce. Ya rasu a hatsarin mota a 1993. Wanda ya san wannan rayuwa ba zai yi mamakin zaɓen tauraruwarsa ba. Mutumin da aka kayar da shi saboda ya ce a'a ya je ya nemo, a cikin tarihin ƙasarsa, wata da ta riga shi faɗin haka.

Kuma aikin ya ci. Manazarta irin su Antoinette Tidjani Alou sun nuna cewa kafin littafin ya fito, sunan Sarauniya Mangu bai yi nisa sosai a wajen ƙasar Arewa ba, takardun Turawa kuma sun ambace ta ne a taƙaice. Bayan 1980 sai ga ta cikin littattafan makaranta da waƙoƙi da wasanni, har da gidan rediyo mai sunanta a Yamai. Ba kasafai ƙagaggen labari guda yake yin irin wannan tasiri ba, kuma duk sukar da za ta biyo baya ba ta rage masa wannan.

Salo

Abin da ya fi burgewa a zubin littafin shi ne yadda tauraruwar ba ta cika fitowa fili ba. Marubucin yana yawo da mai karatu daga fada zuwa fada, daga sansanin Turawa zuwa zauren sarakuna, ko'ina kuwa maganarta ake yi. Masu tsoronta suna faɗin tsafinta, masu ƙinta suna zaginta, sojojin Voulet suna raɗe-raɗi da dare. Ta haka muke saninta, kamar yadda ake sanin gwarzo a adabin baka, inda kirari yake riga mai shi isowa. Wannan dabara ce mai kyau, kuma ta dace da jigon, domin a cikin littafin tsoron sunanta ne yake cinye rundunar, fiye da kibiyoyinta.

Sai dai ɗalibi ya rarrabe tsakanin abin da aka samo da abin da aka ƙaga. Labarin yarintarta, da Dawa wanda ya rene ta ya koya mata yaƙi da magani, gini ne na marubuci. Ba laifi ba ne. Ƙagaggen labari yake rubutawa. Matsalar tana zuwa ne lokacin da aka kwashe waɗannan abubuwa aka zuba su cikin darasin tarihi kamar shaidar gani da ido.

Matsalar kalmomi

Nan ne aikin ɗalibin harshe yake. A Lugu, sarauniya suna ne na muƙami da ake gada, mata da yawa sun riƙe shi kafin Mangu da bayanta. Mai riƙe da shi jagorar addinin gargajiya ce, mai tsayawa tsakanin mutane da iskoki da ƙasa. Da kalmar ta shiga Faransanci sai ta zama sunan yanka na mace guda, aka kuma fassara ta da kalmar da ake kiran sarauniyoyin Turai, masu fada da dakaru da kambi. Ƙaramin taken littafin ya ƙara mata wata kalma mai nufin mai sihiri. To, Bahaushe yana da boka, yana da matsafi, yana da maye, yana da ɗan bori, kowane da aikinsa da matsayinsa a idon jama'a. Kiran mutum maye zagi ne da kan kai ga shari'a. Kiransa boka bayanin sana'a ne. Faransancin littafin ya tara su wuri ɗaya, mai karatu na waje kuwa ya fita da hoton da ya riga ya saba da shi na Afirka mai duhun tsafi.

Haka kalmar azna, wadda a wasu kare-karen harshe ake ce wa arna ko anna. A bakin wasu suna ne na ƴan ƙasa na asali masu riƙe da al'adun kakanni, a bakin wasu kuma gori ne. Mamani ya ɗauke ta ya mayar da ita abin alfahari, ya yi amfani da ita kamar sunan wata ƙabila daban. Amma Aznan Lugu Hausawa ne, harshensu ɗaya da na maƙwabtansu Musulmi, suna cin kasuwa ɗaya. Ko fim ɗin da Med Hondo ya yi daga littafin a 1986, wanda ya ci babbar kyautar bikin fina-finai na Wagadugu a 1987, a Burkina Faso aka ɗauke shi, kuma Sarauniyar cikinsa, wato Ai Keita, da harshen Jula take magana. Labarin ya zaga duniya ba da harshen masu shi ba.

Inda littafin ya karkace

Domin tauraruwarsa ta yi haske, Mamani ya dushe na kewaye da ita. Sarakuna da malaman Musulmi sun fito a matsayin masu ƙin arniya fiye da yadda suke ƙin mai mamaya. Akwai gaskiya a ciki, domin wasu sarakuna sun karɓi Turawa don su rama tsohuwar gaba. Amma tarihi ya fi haka faɗi. Ƙonni garin Musulmi ne da ke ƙarƙashin Sakkwato, kuma shi ne ya fi kowa zubar da jini. Sarkin Damagaram Amadu Kuran Daga ya fito ya tari ragowar wannan runduna a Tirmini a ƙarshen Yulin 1899, ya rasa gari, daga baya ya rasa ransa. A ɗaya gefen iyaka, Sarkin Musulmi Attahiru ya faɗi a Burmi a 1903 yana yaƙi da Ingilishi. Rabon da littafin ya yi, na Azna masu tsayawa da Musulmi masu rusunawa, ya fi kama da hukuncin ɗan siyasa a kan sarakunan zamaninsa, waɗanda suka juya wa Sawaba baya a 1958.

Karkata ta biyu ta fi wannan nauyi. Da labarin ya zama karo tsakanin mace mai asiri da Bature mai taɓin hankali, sai ya matso kusa da bayanin da hukumomin Faransa da kansu suka fi so. Binciken da suka yi an rufe shi a 1902, kuma bayanin da ya yaɗu shi ne wai zafin ƙasar Sudan ne ya juya wa hafsoshin biyu ƙwaƙwalwa. In hauka ne, to babu mai laifi sai rana. Amma mun riga mun ga cewa an tura rundunar ba isasshen guzuri, wato ƙwace yana cikin shirin tun daga tushe. An san abin da mutanen biyu suka yi a ƙasar Mosi kafin a sake ba su bindigogi. Abin da ya girgiza Faris shi ne kisan Klobb, Bature ɗan uwansu, mai muƙamin kanar. Bayan mutuwar Voulet kuma ba a janye rundunar ba: Joalland da Meynier suka ci gaba da ita har Cadi, ta haɗu da wasu rundunoni biyu aka kashe Rabeh a Kusuri ranar 22 ga Afrilu 1900. Faransa ta yi tir da mutumin, ta riƙe ƙasar da ya buɗe mata. Mai karanta littafin yana rufe shi da jin cewa Sarauniya ta ci nasara, alhali abin da ya biyo baya shi ne haraji da aikin dole, wanda ba a soke shi ba sai a 1946, da mulkin da ya kai 1960.

Akwai wani sakamako da ɗalibin harshe yake ji a kunnensa kullum. Yarjejeniyar Ingila da Faransa ta 14 ga Yuni 1898 ta zana da'ira mai nisan mil 100 kewaye da Sakkwato ta bar wa Ingila, kuma Ƙonni tana cikinta. Wato Voulet ya ƙone garin da a takarda ma ba na Faransa ba ne. Hanyar da aka bar wa Faransawa a arewa ba ta da isassun rijiyoyi, saboda haka a 1904 da 1906 aka sake zana iyakar don su sami hanya mai ruwa zuwa Damagaram, Ƙonni ta koma hannunsu. Shi ya sa yau mutumin Ƙonni yake cewa lakwal da mushe da biro da farmi, ɗan uwansa na Illela, tafiyar ƴan kilomita, yana cewa makaranta da malam da ofis da lasin. Buƙatar ruwan ayarin sojan wata ƙasa ce ta raba arar kalmomin gida ɗaya.

Maganar ba ta mutu ba. A 2020 fim ɗin African Apocalypse na Rob Lemkin ya bi hanyar Voulet yana sauraron jikokin waɗanda abin ya shafa, da yawansu da Hausa suke ba da labarin kakanninsu. Wasu al'ummomin yankin sun kai kukansu gaban Majalisar Ɗinkin Duniya, kuma a 2025 Faransa ta amsa cewa ƙofarta a buɗe take ga tattaunawa da hukumomin Nijar, ba tare da ta amsa laifi ba. Masu wannan ƙara ba daga Lugu kaɗai suka fito ba. Akwai na Ƙonni da na sauran garuruwan da ke kan hanyar, waɗanda ba su da wata sarauniya da za a yi wa fim, sai labarin rijiyar da aka cika da gawa da na dangin da suka tsallaka kudu ba su komo ba. Ɗalibin da ya fito daga waɗannan wurare, in ya je hutu, ya ɗauki irin wannan labari daga bakin tsofaffi, ya rubuta shi da karin harshen mai faɗinsa, ya lura musamman da kalmomin da suke kiran Voulet da sojojinsa da shekarar da abin ya faru, sannan ya kawo mu gwada da abin da Mamani ya rubuta.