Motar Likita a Filin Kamfe

Da idona na ga motar ɗaukar marasa lafiya ta ƙauyenmu an lulluɓe ta da tutar jam'iyya, matasa sun cika bayanta suna kiɗa zuwa taron ɗan takara. A makon nan kuwa an ce wa mijin wata mai naƙuda ya biya jika goma na mai kafin a kai ta gari. Babu wanda ya ɗaga murya, har da ni, domin mun saba.

Wannan sabo shi ne abin da nake suka. Mu tuna yadda Tazarce ta faro a Nijar. A watan Oktoban 2008, wurin aza harsashin matatar mai ta Damagaram, aka fara kiran Shugaba Tandja Mamadou ya zarce. Bikin na ƙasa ne, da kuɗin ƙasa aka shirya shi, amma ya rikiɗe ya zama gangamin mutum ɗaya. Hujjar da aka riƙa maimaitawa ita ce a bar shi ya ƙarasa ayyukansa, sai ka ce daga aljihunsa ya ciro kuɗin gadar Yamai ta biyu ko madatsar Kandaji. Da kotun tsarin mulki ta ƙi, aka rushe ta, bayan an riga an rushe majalisa. Ran 4 ga Agustan 2009 aka yi ƙuri'ar raba gardama, aka ce sama da kashi 92 cikin ɗari sun amince. Ran 18 ga Fabrairun 2010 sojoji suka kifar da shi.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne, waɗanda suka cika tituna suna tir da Tazarce, da mulki ya zo hannunsu a 2011, ban ga sun mayar da mabuɗin motar hukuma ba. A zamaninsu ma gab da zaɓe ake tuna buɗe rijiya, a raba gero mai rahusa, a kira talabijin ta ƙasa ta ɗauka. Ɗan adawa kuwa da kuɗinsa zai yi hayar mota da lasifika.

Ba na ɗora laifin duka a kan masu mulki. Marokinmu ne ke cewa wane ya ba mu asibiti, mu kuma mu tafa, alhali harajin da ake karɓa a kasuwar Maraɗi da kuɗin uraniyom na Arlit ne suka gina shi. Matar nan dai a amalanken shanu aka kai ta.